Amsa ga ƙanena mai son karatun hoton sinadaran ƙwayar halitta

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni, inda ka ce ka gama digirinka na biyu a kimiyyar sinadarai, kana kuma son zuwa Turai yin digirin digirgir kan yadda ake ɗaukar hoton cikin ƙwayar halitta da na'urar auna nauyin sinadarai, hoton da yake nuna tsawo da faɗi da zurfi. Ka tambaye ni ina za ka nema, da kuma abin da ya kamata ka tanada kafin ka taso.

Ga yadda aikin yake a ɗakin gwaji. Ana daskarar da ƙwayar cikin gaggawa, a sa ta a wurin da aka zuƙe iskarsa, sannan a harba mata ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki. Ɓarɓashin da ya tashi daga samanta shi na'urar take aunawa, ta gane ko kitse ne ko magani ko wani sinadari, ta kuma rubuta daidai inda ya fito. Daga nan sai a kankare wani siririn sashe a sake aunawa, kamar mai haƙa rijiya da yake lura da irin ƙasar da yake tararwa a kowane gaba, har kwamfuta ta jera sassan su zama hoto ɗaya. Ana kiran hanyar SIMS. Matsalarta a da ita ce harbin yana farfasa sinadaran da ke ƙasa tun kafin a kai gare su, har sai da rukunin John Vickerman a Jami'ar Manchesta suka koma harbi da dunƙulen C60 mai ƙwayoyin zarra na kabon guda 60, wanda ɓarnarsa take tsayawa kusa da sama. Da shi suka fitar da irin wannan hoto na ƙwan kwaɗon Xenopus a 2007. Bayan haka dunƙulen iskar agon ya ƙara sauƙaƙa aikin, kuma a 2017 cibiyar NPL, wato cibiyar kimiyyar awo ta ƙasar Birtaniya, da ke Teddington kusa da Landan ta bayyana na'urar 3D OrbiSIMS, wadda ƙarfinta yake wajen bambance sinadaran da nauyinsu ya kusa zama iri ɗaya. A can ne aka bi sawun maganin zuciya amiodarone har cikin ƙwayar halitta guda.

Wuraren nema su ne Manchesta da Nottingham a Ingila, da Jami'ar Gothenburg a Suwidin, da cibiyar M4I ta Maastricht a Holan. A Suwidin da Holan ɗalibin digirgir galibi ma'aikaci ne mai albashi, don haka ka riƙa bibiyar tallan gurabensu. Ingila kuwa za ta nemi takardar ATAS, wato shaidar amincewar gwamnatinta ga baƙi masu karatun wasu fannonin kimiyya, kafin biza, saboda haka ka nema da wuri.

Shawarata mafi muhimmanci ita ce kada sunan na'ura ya ɗauke maka hankali. Mafi yawan lokacinka zai tafi ne wajen shirya samfur, domin ƙwayar da ta bushe ba daidai ba sinadaranta sukan gusa daga mazauninsu, hoton ya fito da kyau alhali ƙarya yake faɗa. Sauran lokacin kuma zai tafi wajen tace tarin bayanai, shi ya sa nake roƙonka ka fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da lissafin ƙididdiga tun kana gida. Na'urar tana da tsada ƙwarai, kuma ba ta jure ɗaukewar wuta, don haka kada ka ɗora rayuwarka bayan karatu a kanta ita kaɗai. Ƙwarewar auna nauyin sinadarai za ta yi maka amfani wajen gwajin ingancin magunguna da abinci idan ka dawo.

Idan za ka rubuta wa farfesa, ka karanta aikinsa na baya-bayan nan, ka kawo tambaya ɗaya takamaimai, misali inda maganin zazzaɓin cizon sauro yake taruwa a cikin ƙwayar jini. Ka turo mini daftarin wasiƙar in duba maka kafin ka aika.