Tambaya da Amsa: Ranar da Baƙin Sama Suka Sauka

Wasiƙun wannan wata sun haɗu a kan abu ɗaya. Matasan marubuta na son rubuta ƙagaggen labarin kimiyya, irin wanda halittun wata duniya ke kawo mamaya, samari da 'yan mata su tashi su kare garinsu. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare, na yi babi huɗu na labarin wasu yara biyar da ke yaƙar halittun da suka sauka a Kano. Ƙawayena sun karanta sun ce ai labarin aljanu ne kawai na sauya wa suna. Ina gyaran yake? (Wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Ƙawayenki sun yi miki gata. Aljani a labari yana ɓacewa ya bayyana, ba mai tambayar ta yaya. Baƙon sama kuwa jiki gare shi, yana ci, yana numfashi, yana gajiya, kuma na'urarsa na lalacewa. Kafin ki taɓa babi na biyar, ɗauki takarda guda ki amsa wa kanki wasu tambayoyi. Iskarmu kashi 78 cikin 100 nitirojin ce, kashi 21 oksijin. Tana yi musu, ko sai da tukunyar iska a baya? In da tukunya, awa nawa take yi, kuma a ina ake cika ta? Sai nauyi. Mutum mai kilo 60 zai ji kansa kamar kilo 23 a duniyar Mars, don jan ƙasarta kashi 38 ne na tamu. Halittar da ta taso a wuri irin wannan, in ta zo nan, tafiya daga Ƙofar Mata zuwa Kasuwar Kurmi za ta galabaitar da ita. Sai ido: da haske irin namu suke gani, ko zafin jiki suke hangowa?

Duk abin da kika rubuta a takardar nan ya zama doka. Idan a babi na 3 ba sa gani cikin hazo, kada su harbo jarumarki cikin hazo a babi na 20 don kawai kina son mai karatu ya yi kuka. Kuma kada kowa ya ce miki wannan fage baƙo ne a Hausa. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda baƙo daga sama ya ɗauki yaro ya kai shi yawon sararin samaniya.

Tambaya: A nawa labarin sun zo ne su kwashe mana ruwa da zinariya, kuma sun iso cikin mako guda. Yayana da ke karanta kimiyya a jami'a ya yi ta dariya. Me ya gani? (Wani matashi, Maraɗi)

Amsa: Nisa ya gani, ɗan'uwa. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti 8 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Tauraruwar da ta fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, sai haske ya yi shekara 4 da wata 3 kafin ya iso daga can, wato kusan kilomita tiriliyan 40. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, kuma da can ya nufa, da sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Ko ka ba baƙinka kumbo mai gudun ushirin haske, suna da tafiyar shekara 40 da ɗoriya.

Wanda ya yi wannan tafiya ba zai zo neman ruwa ba. Zoben da ke kewaye da duniyar Saturn kusan duk ƙanƙara ne, kuma masana na ƙiyasta cewa Europa, ɗaya daga watannin Jupiter, ta fi duk tekunanmu ruwa. Ƙarafa kuwa ga su jibge a duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupiter, babu mai gadi. Abin da duniyarmu ta mallaka wanda ba a gano a wani wuri ba tukuna shi ne rai: ƙasa mai tsiro, iri, dabba, mutum. Ka nemo dalilin zuwansu daga nan. Ko kuma su kansu 'yan gudun hijira ne, nasu gidan ya mutu, ba su da wurin komawa. Wannan ya fi ban tsoro, don wanda ba shi da baya ba ya janyewa, kuma zai sa jarumanka su rasa yadda za su tsane su gaba ɗaya.

Kada ka share nisan daga labarin, shi ne jarinka. Saƙonsu zuwa gida shekara 4, amsa ta dawo wata shekara 4. Babu ɗauki, babu kayan gyara. Guzurinsu ƙidayayye ne, duk jirgi ɗaya da ya faɗi ya tafi ke nan. Kuma abin da ke irin wannan gudu ba ya tsayawa farat ɗaya, sai ya juya injinsa ya fuskance mu yana rage gudu na dogon lokaci, masu duban taurari kuwa za su hango wutar. A Oktoban 2017 wata na'urar hangen nesa a Hawaii ta kama wani dutse da ya ratso daga wajen tsarin ranarmu, aka sa masa suna Oumuamua, alhali shi ba ya ko fitar da wuta. Ke nan kana da watanni na jita-jita, musun gwamnati, wa'azi da tashin farashin masara kafin ƙafar baƙo ɗaya ta taɓa ƙasa.

Tambaya: Ina so wuta da waya su ɗauke a lokaci guda, amma ina so jarumaina su ci gaba da aika wa juna saƙo. Zai yiwu? (Wani mai gyaran waya, Kaduna)

Amsa: Zai yiwu, Malam, kuma an taɓa ganin irinsa. A Yulin 1962 Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya a tsayin kilomita 400 a saman tekun Fasifik. Guguwar lantarkin da ya haifar ta kashe fitilun titi kusan 300 a Hawaii, mai nisan sama da kilomita 1,400. A Maris na 1989 kuma guguwa daga rana ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na awa 9. Abin da ya fi shan wahala shi ne duk mai haɗe da doguwar waya: taransifoma, layukan wuta, na'urar da ke jone a soket. Ƙaramar rediyo mai batir da ke kashe tana iya tsira, musamman in tana cikin rufaffen ƙarfe. Kai da ke da kayan aiki, gwada: naɗe waya a tsumma, sa ta a tukunyar alminiyam, rufe, ka kira ta. In ta yi ƙara, ta bakin murfi siginar ke shiga, sai ka liƙe shi da takardar alminiyam ka sake gwadawa.

Sai dai ka lura da wurin da ka ajiye labarinka. Yaron Amurka in wuta ta ɗauke ya ga tashin duniya, namu ko ɗaga kai ba zai yi ba. Alamar tashin hankali a nan ita ce tiransifa ta ƙi tafiya, mai POS ya kulle rumfa, tashoshin dish su ɗauke duka, janaretocin turakun sabis su mutu ɗaya bayan ɗaya saboda ba motar da ta kawo dizal. Bayan wannan sai injin burtsatse ya tsaya, 'yan garuwa su zama manyan gari.

Wajen saƙo, ka riƙe wannan: sauraro ba ya tona asiri, watsawa ke tonawa. Na'ura biyu a wurare daban za su ja layi zuwa inda siginar ke fitowa, inda layukan suka haɗu nan mai magana yake. Oba-oba ta hannu kilomita 1 zuwa 3 take kaiwa a cikin gari saboda gine-gine, ta fi haka daga kan tudu kamar Dutsen Dala, amma kan tudun ne aka fi ganin mutum. Don haka saƙo ya zama 'yan kalmomi, a kashe, a bar wurin. Labarin duniya kuwa ta gajeren zango za su ji shi, don siginarsa na dukan saman iska ta dawo ƙasa a dubban kilomita, rediyon kaka ta zama dukiya. Sauran hanyoyin ba sa cin batir: madubi da rana, kalangu, 'yar talla mai farantin gyaɗa da takarda a ƙarƙashi. In ka sa tantabara, ka tuna gida kawai take komawa. Dole wani ya fara ɗauke ta a keji ya kai ta inda za a sako ta.

Tambaya: Ta yaya yara 'yan shekara 16 za su ci galabar masu kumbo ba tare da labarin ya zama tatsuniya ba? Na yi tunanin mura ta kashe baƙin a ƙarshe. Sannan ina zan kai iyayensu? (Wata malamar makaranta, Sakkwato)

Amsa: Malama, bar murar nan. Marubucin Ingila H. G. Wells ya riga ya kashe maharan sama na littafinsa da ƙwayoyin cuta tun 1898, kuma ƙwayar mura sai ta sami irin ƙwayar halittar da ta dace da ita take kamawa, shi ya sa murarki ba ta kama bishiyar mangwaro. Balle ma nasarar da jarumai ba su yi wa gumi ba tana barin mai karatu da jin an cuce shi.

Ki rage girman nasarar. Ba za su kori mamaya daga duniya ba. Za su iya fitar da mutum 200 daga sansani, ko su lalata wurin cika tukwanen iska guda ɗaya, ko su kai wani sirri inda ake bukatarsa. Ƙarfinsu sanin ƙasa ne. Idan na'urar baƙi zafin jiki take gani, jikin mutum digiri 37 ne, da daddare zai fito fili kamar fitila. Amma da tsakar ranar Afrilu, lokacin da iska ta haura 40 kuma dutse da kwalta sun fi haka, sai ya saje. Sai ga yara na tafiya a lokacin da kowane mai hankali ke neman inuwa. Katangar ƙasa mai kauri na tare wannan ido, haka gilashi. Hazon hunturu kuma na toshe matatar iska, ya rufe farantin sola.

Kowace dabara ki sa mata farashi. Mai tafiya a rana na bukatar aƙalla lita 4 na ruwa a yini. In su biyar ne, lita 20. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, wa zai ɗauka, har zuwa ina? Kano zuwa Zariya wajen kilomita 150 ne, a ƙafa da kaya kwana 6 in an dace. Ruwan kududdufi sai ya tafasa na minti 1, amma hayaƙi na nuna inda suke. In ruwan ba gurɓatacce ba ne sosai, a zuba a farar gorar roba a shanya a rana awa 6. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa lita 1 na tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In aka cika gishirin sai a ƙara masa ciwo. Wanda ya san wannan a cikinsu ya fi mai bindiga amfani, kuma hakan zai ba ki dalilin da kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin yake cikin tafiyar.

Muguntar da ta fi zafi ba daga sama za ta zo ba. Baƙi kaɗan ne, ba sa jin harshe, ba su san lungu ba, kuma da ɗan gari akan ci gari. Wani zai karɓi aikin raba abinci a madadinsu, ya ce don ceton jama'a ya yi, wataƙila ma gaskiyarsa. In kawun jarumarki ne, kin sami rabin littafinki. Wannan ya amsa zancen iyaye. Kada ki kashe su duka a shafi na 2, ragwanci ne. Makarantar kwana ta isa ta raba yaro da gida, ko a ce an kwashe manya zuwa aikin tilas. A bar uwa ɗaya da rai tana cewa ba inda za ki, don yarinyar da ta fita da daddare ba da izini ba tana ɗauke da nauyin da mai karatu Bahaushe zai ji a ƙirjinsa.

Tambaya: Da me zan buɗe? Duk abin da na rubuta sai ya fito kamar fim. (Wani ɗalibi, Funtuwa)

Amsa: Ba ka da nisa da amsar. Ranar 3 ga Oktoban 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, cikin ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna ɓallen duniyar Mars ne. Fara da mutum ɗaya a gona, ba da fadar shugaban ƙasa ba.

Fim na haɗa haske da ƙara a lokaci guda, kai ka raba su. Sauti na cin kilomita 1 a daƙiƙa 3. Abin da ya fashe a tsayin kilomita 30, ƙararsa sai bayan minti ɗaya da rabi ko fiye. Haka aka yi a Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013: mutane sun ga haske, suka ruga taga kallo, sannan ƙarar ta iso ta farfasa gilasai, kusan mutum 1,500 suka nemi magani, yawancinsu yankan gilashi. Wannan tazarar ta shiru ita ce shafinka na farko. Awaki sun daina kiwo, inuwar kuka ta rabu biyu ta koma ɗaya, ƙanwar jaruminka ta nufi taga. Kuma in yaron ya je ya taɓa abin da ya faɗo, kada ka ƙona masa hannu. Ƙaramin dutsen sama fatarsa kawai ke narkewa ta yi baƙi, cikinsa da sanyin sarari yake isowa, sau da yawa ɗumi-ɗumi ake tarar da shi, wani lokaci ma da sanyi.