Hukuncin yin tiyatar muƙamuƙi da dashen ƙashi bayan gashin ciwon daji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara 3 da suka wuce an yi mini gashin ciwon daji na harshe, kuma Allah Ya ba ni sauƙi. Bara aka cire mini haƙori a muƙamuƙin ƙasa, har yau wurin bai warke ba: ƙashi ya fito fili, mugunya na zuba, bakina ba ya buɗuwa sosai. Likitoci sun ce ƙashin ya mutu, sai an yanke shi an dasa wani daga ƙafata, a ɗaure da ƙarfe. Wasu 'yan'uwana na cewa wannan canja halittar Allah ne, in yi haƙuri in dogara ga Allah. Mene ne hukunci, kuma yaya zan yi da alwala da salla da azumi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ka lafiya, ɗan'uwa, Ya sa wannan jinya ta zama kankarar zunubi.

Ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙarsa, don haka za mu fara da cutar kanta. Hasken da ake gasa ciwon daji da shi yana ƙuntata ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da ƙashi, yana kuma raunana gurbin da ke samar da yawu, sai baki ya bushe, haƙora su riƙa ruɓewa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama kamuwa, saboda ƙashinsa ya fi tauri kuma jinin da ke isa gare shi bai kai na na sama ba, haɗarin kuma yana ƙaruwa idan gashin ya haura Gray 60 (Gray shi ne ma'aunin yawan hasken da aka gasa wurin da shi). Tun a 1983 likita Robert Marx ya bayyana cewa tushen matsalar ƙarancin jini da iskar oksijin ne a wurin da aka gasa, shi ya sa ƙaramin rauni irin na cire haƙori yake ƙin warkewa. Likitoci suna ɗaukar ƙashin ya mutu idan ya zauna a fili fiye da wata 3 bai rufu ba, bayan an tabbatar ba ciwon dajin ne ya dawo ba. Idan cutar ta yi nisa aka bar ta, takan kai ga muƙamuƙi ya karye da kansa, ko rami ya ɓullo daga cikin baki zuwa fatar wuya, ci da magana su gagara.

To, asalin neman magani halal ne, kuma an yi umarni da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Abin da muke gani shi ne, idan ƙwararrun likitoci amintattu sun tabbatar maka cewa barin wannan ƙashi zai kai ga karyewar muƙamuƙi ko kasa cin abinci, kuma zato mai rinjaye shi ne tiyatar za ta yi amfani, to halinka ya shiga wannan babi, jinkiri ba tare da uzuri ba kuwa cutar da kai ne. Idan kuma likitocin da kansu suna shakkar nasararta saboda raunin jikinka, to kana da zaɓi, kuma babu laifi a kanka idan ka tsaya ga magungunan rage zafi da tsabtace rauni.

'Yan'uwanka ƙauna ce ta sa suka faɗi abin da suka faɗa, amma sun sa dalili a inda ba muhallinsa ba. Canja halittar da aka haramta shi ne taɓa gaɓa lafiyayya don neman ƙarin kyau ko don yaudara. Mayar da gaɓar da ta lalace zuwa yadda Allah Ya halicce ta kuwa magani ne. An yanke wa Arfajatu ɗan As'ad hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa sai ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Idan an halatta zinariya don gyaran hanci, farantin ƙarfen titaniyam da ake ɗaure muƙamuƙi da shi ya fi cancantar halatta, tunda ba a hana shi ba tun asali. Shi kuwa ɗauko ƙashi daga jikinka a mayar wani wuri a jikinka, majalisar da muka ambata ta halatta shi a 1988, da sharaɗin amfanin da ake fata ya rinjayi cutarwar. Ƙashin da ake ɗauka shi ne siririn nan na gefen ƙwauri, wanda ba shi ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki ba. Ana ciro shi tare da jijiyoyin jininsa, a haɗa su da na wuya, domin ya isa wurin da ransa. Tun 1989 ake gyaran muƙamuƙi ta wannan hanya. Ƙashin da aka yanke aka fitar kuwa, abin da ya fi shi ne a binne shi idan hakan ya sauƙaƙa, saboda darajar ɗan Adam.

Game da haƙuri, hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri da cutarta don ta sami Aljanna ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi, sai dai ba ya nuna a bar rauni ya ci jiki alhali ga magani a hannu. Mai kwanciya a yi masa tiyata ta awoyi masu yawa, ya tashi ya jure makonni yana shan abinci ta roba, shi ma haƙuri yake yi, kuma zuciyarsa ga Allah take dogara.

Kana da haƙƙin tambayar likitoci ko akwai mataki mai sauƙi kafin babbar tiyata. A farkon cutar akan gwada wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da cire guntayen ƙashin da suka saki, da haɗin ƙwayar pentoksifilin da bitamin E, wasu kuma sukan shigar da majinyaci ɗakin iskar oksijin mai matsi, kodayake likitoci sun yi saɓani kan ƙarfin amfaninsa. Waɗannan duk halal ne. Abin da ba mu halatta maka ba shi ne cusa wa ramin garin magani da ba a san tsabtarsa ba, ko barin wanda ba likita ba ya taɓa wani haƙorin, ko shan taba, domin tana ƙara toshe jijiyoyin da dama sun raunana. Ruƙya da addu'a ka riƙe su tare da asibiti.

Ibada kuma Allah Ya sauƙaƙa maka. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce a alwala da wanka, idan tana cutar da kai ka bar ta, tsarkinka ya inganta. Jini da mugunyar da ke fita daga rauni ba sa warware alwala, kuma abin da ke zuba da kansa har wanke shi kullum ya zama wahala an yi rangwame a kansa, sai dai ka tofar, kada ka haɗiye da gangan. Bayan tiyata ka wanke inda ruwa ba ya cutarwa a fuska da ƙafa, ka yi shafa a kan bandeji. Idan wanke lafiyayyen wurin ma zai cutar da raunin, sai ka yi taimama. Ka yi salla a zaune ko a kwance, ka yi nuni da kai idan sujada ta gagara, ka karanta Fatiha gwargwadon yadda harshenka zai iya, ko da haruffan ba su fita daidai ba.

Abincin da ake zubawa ta robar hanci ko ta ciki yana karya azumi, haka ma ƙwayar da ake haɗiya, amma shaƙar oksijin da kurkure baki da magani ba tare da haɗiyewa ba ba sa karya shi. Idan Ramadan ya same ka cikin jinya, ko bushewar baki ta sa ƙishirwa tana ƙara wa raunin lalacewa, ka sha azumi ka rama bayan ka warke, kamar yadda aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi sauƙi. Idan likita ya tabbatar ba a sa ran za ka iya ramawa, sai ka ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana.

Allah ne Mafi sani.