Amsa: Fas ɗin Eurail ko tikiti ɗaya-ɗaya?

Malam, ka ce kana da kwana 12, za ka tashi daga Faris ka bi ta Jamus da Ostiriya ka ƙare a Rum, kana tambaya ko ka yanki fas ɗin jirgin ƙasa, wato tikiti guda da za ka riƙa hawa jirage da shi, ko ka riƙa sayen tikiti a kowane zango.

Tunda ba a Turai kake zaune ba, Eurail ne naka. Interrail na mazauna can ne. Fas ɗin yana aiki a ƙasashe 33, amma fa ba shi ke nan ba. Jiragen TGV na Faransa da Frecciarossa na Italiya dole sai ka biya kuɗin kama kujera daban, haka ma jiragen dare. A kan wasu hanyoyin kujerun masu fas ƙididdigaggu ne, lokacin zafi sukan ƙare da wuri. A cikin Jamus da Ostiriya kuwa galibi shiga kawai za ka yi ka zauna, nan fas yake da daɗi.

Ni a ganina, in ka riga ka tsayar da ranakunka, kuma dogayen zangonka ba su wuce huɗu ba, sayi tikiti tun da sauran wata biyu. Ya fi araha, sai dai in jirgin ya wuce ka, yawanci kuɗin ya tafi. In kuwa kai mai sauya shawara ne a hanya, ɗauki fas mai ba ka ranakun tafiya 5 cikin wata guda. Wanda bai kai shekara 28 ba ma ana yi masa ragi.

Don Allah kada ka sa Landan a lissafi da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ba ta shiga Ingila.