Hirar siyasa da mawaƙa da muke yi a majalisa, giba ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah ina da tambaya. Mu matasan layinmu muna da majalisa a teburin mai shayi, kullum bayan isha'i nan muke haɗuwa har sha ɗaya wani lokacin sha biyu, kuma muna da guruf a WhatsApp inda ake cigaba da rana. Hirar dai bata wuce siyasa, wane gwamna yayi kaza, wane sanata ya sauya sheƙa, sai sabuwar waƙa da 'yan fim da ƙwallo da tsadar mai. Toh wani abokinmu da ya fara zuwa karatu yace duk zaman nan naman mutane muke ci, ya daina zama damu. Wasu kuma sukace ai ɗan siyasa da mawaƙi babu gibarsu tunda su suka fito da kansu duniya. Wanne ne gaskiya Malam?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya saka da alheri, tambayarka ta shafi kusan kowane layi a garuruwanmu.

Abokinku da ya tashi yana da rabin gaskiya amma ya tsaurara, su kuma masu cewa babu gibar ɗan siyasa da mawaƙi kuskurensu yafi nasa girma, dan shi ya bar halal ne saboda tsoro, su kuma sun halatta abinda Allah ya haramta.

Zaman kansa ba haramun bane. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id Alkhudri cewa Manzon Allah (SAW) yace ma sahabbai ku kiyayi zama a kan hanya, sukace ya Manzon Allah ba yadda zamuyi, nan ne majalisunmu nan muke hira. Kaga bai ce musu ku tashi ko ta halin ƙaƙa ba, cewa yayi in dai sai kun zauna toh ku ba hanya haƙƙinta, ku runtse ido, ku kame daga cutar da mutane, ku amsa sallama, kuyi umarni da kyakkyawa ku hana mummuna. Wannan hadisin kamar dan teburin mai shayinku aka faɗe shi. Kuma a Muslim Jabir ɗan Samura yana bada labarin yadda sahabbai suke zama bayan asuba suna tuna abubuwan zamanin jahiliyya suna dariya, Manzon Allah yana murmushi. Hira ce ta mutane, ba wa'azi ake ba.

Labarin duniya ma haka. Ka buɗe farkon Suratur Rum ka gani, yaƙi ne tsakanin Rumawa da Farisawa, manyan daulolin wancan lokacin, ana can nesa ana gwabzawa amma a Makka ana ta muhawara a kai, mushrikai na murna da nasarar Farisa musulmi na son Rum, har Alƙur'ani ya sauka yana bada labarin abinda zai faru nan da 'yan shekaru. Saboda haka mutumin da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya wayi gari kuɗin mota ya ninka, mudun shinkafa ya gagare shi, a ce masa haramun ne ya zauna da maƙocinsa su tattauna wa ya jawo haka kuma wa zasu zaɓa nan gaba, wannan ba magana bace ta ilimi. Ƙuri'a shaida ce, ya za'ayi ka bada shaida a kan mutumin da aka hanaka bincika aikinsa?

Yanzu ga inda matsalar take. Manzon Allah (SAW) ya fassara giba da kansa a hadisin Abu Huraira cikin Muslim, yace ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abinda baya so. Akace in abin yana tare dashi fa? Yace in yana tare dashi kayi gibarsa, in kuma babu ka ƙaga masa ƙarya. Bai ce banda gwamna ba, bai ce banda mai waƙa ba. Aya ta 12 a Hujurat da ta kamanta abin da cin naman ɗan'uwa matacce itama bata ware kowa ba. Abinda malamai suka ware wurare ne na buƙata, Imamun Nawawi a Riyadus Salihin ya ƙirga shida, kuma waɗanda suka shafi zamanku su ne kukan wanda aka zalunta, da gargaɗin mutane daga cutarwa, da ambaton wanda ke bayyana saɓonsa a fili. Hindu matar Abu Sufyan tazo tace ma Annabi mijinta marowaci ne bai tsawata mata ba dan ƙara ta kawo. Fatima 'yar Ƙais tazo neman shawarar aure ya gaya mata aibin mutum biyu da suka nemeta, ɗaya bashi da dukiya ɗayan baya sauke sanda daga kafaɗarsa, wato mai dukan mata ne. Amma ka lura iya abinda ya shafi auren ya faɗa, bai ɗauko tarihin gidansu ba. Kuma shi Nawawin da ya halatta ambaton mai bayyana saɓo, a wurin ya ƙara da cewa da abinda ya bayyana kaɗai za'a ambace shi, sauran aibukansa haramun ne.

Toh auna hirarku da wannan. Kace shugaban ƙaramar hukumarmu yayi alƙawarin gyara asibitin unguwa shekara uku kenan ko kwano ba'a sauya ba, kai ka gani da idonka, wannan ba giba bace, amana ce ta jama'a a hannunsa kuma ku ne masu haƙƙi. Kace wane ya sauya jam'iyya sau uku dan haka ni ban yarda da maganarsa ba, duniya ta shaida, ba laifi. Amma da zarar an koma ai matarsa kaza ce, ai 'yarsa an ganta a wuri kaza, ai ba ɗan ubansa bane, dubi tumbinsa, dubi yadda yake tafiya, wallahi ɗan'uwa an bar siyasa an shiga cin nama, ba ruwan kwangilar titi da matar mutum. Ni na sha zama a irin wuraren nan ina jiran shayi, na lura ba'a fi minti goma ana maganar aiki ba, wani zai turo wayarsa tsakiyar benci yace kun ga wannan kuwa, shikenan kawuna su haɗu a kan hoto, daga nan hira ta lalace.

Maganar mawaƙa da 'yan fim tafi bani tsoro ma, musamman matan cikinsu. Hukuncin sauraron kiɗa daban ne kuma ba shi ka tambaya ba, a taƙaice mafi yawan malaman mazhabobi huɗu basu halatta kayan kiɗa ba in banda duffi a biki, haka muka karanta a Risala tun muna yara, Ibn Hazm da wasu kaɗan sun saɓa, ita kuwa waƙa zalla mai ma'ana ba kiɗa, ai Hassanu ɗan Sabit yayi a gaban Annabi, Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da mutanen karkara. In kun zauna kunce baitin waƙa kaza batsa ne bai dace yara suji ba, ko shigar da akayi a fim kaza ta saɓa ma tarbiyya, kunyi daidai, abu ne da aka fitar kasuwa. Amma ka kira sunan wata baiwar Allah kace mazinaciya ce dan kawai ka ganta a fim, wannan sunansa ƙazafi, aya ta 4 a Suratun Nur bulala 80 ta yanke ma wanda bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. Fitowarta a fim bai cire mata musulunci ba bai kuma halatta maka mutuncinta ba. Kuma wanda ya tura bidiyon tsiraicin wani ko wata a guruf yana cewa ku gani dan ku kiyaye, ya karanta aya ta 19 a wannan surar a kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai.

Sai labarin da ba'a tabbatar ba, wanda shine abincin WhatsApp. Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abinda yaji. Turawa ma faɗa ne, yatsanka ne ya faɗa, rubuta "kamar yadda aka turo min" baya wanke ka. Baka manta 2014 ba lokacin Ebola, cikin dare aka dinga buga ma mutane waya ana cewa a tashi ayi wanka da ruwan gishiri a sha, tsofaffi masu hawan jini suka sha wasu sai asibiti, kuma duk wanda ya tura saƙon nan da niyyar taimako ya tura. Wannan a kan lafiya kenan, ina ga saƙon da zai ce ƙabila kaza sun kashe namu a gari kaza, alhali hoton na wata ƙasa ne ko na shekarun baya? Allah ya zargi masu wannan a Suratun Nisa'i aya ta 83, waɗanda da labarin aminci ko na tsoro yazo musu sai su watsa. In baka san asalinsa ba ya mutu a wayarka.

Akwai abu ɗaya da baka tambaya ba amma sai na faɗa dan yana cina a rai. A unguwarmu akwai mutum biyu maƙota, ƙofa na kallon ƙofa, tare suka taso, zaɓen da ya wuce musun jam'iyya ya haɗasu a majalisa har aka zagi iyaye, sama da shekara basa gaisawa, a sahu ɗaya suke sallah kowa na kauda kai, har matansu suka daina aika ma juna abinci. Su kuma waɗanda akayi faɗan dominsu basu san da zamansu ba. Annabi (SAW) bai yarda musulmi ya ƙaurace ma ɗan'uwansa sama da kwana 3 ba. Kuma aya ta 8 a Ma'ida tace kar ƙin wasu mutane yasa ku ƙi adalci, dan haka in na jam'iyyar da baka so yayi abin kirki ka faɗa, in naka ya ɓata kar ka tsaya kana kare ƙarya.

Batun lokaci kuma, Annabi ya kasance baya son hira bayan isha'i kamar yadda Abu Barza ya ruwaito, malamai sukace karhanci ne sai in da maslaha. In zaman sha biyun dare yana sa ku makara asuba ko ka bar iyalinka suna jiranka, ku rage, goma ta isa.

Hukunci dai, zamanku halal ne, tattauna aikin shugabanni da abinda mawaƙa suka fitar fili halal ne in gaskiya ake faɗa, shiga sirrin gidajensu da zagi da ƙazafi da tura abinda ba'a tabbatar ba haramun ne ko a kan wa. Abokin naku ku nemo shi ya dawo, irinsa ake so a majalisa dan in an karkace yace a bari, in yayi magana an ƙi ji a lokacin ne zai tashi. Kai ma haka, kuma in kaine admin na guruf ɗin goge irin waɗannan saƙonni yana wuyanka. In zaku watse ku karanta Subhanakallahumma wa bihamdika, ash-hadu an la ilaha illa anta, astagfiruka wa atubu ilaika, Tirmizi ya ruwaito cewa tana kankare kurakuran zama, sai dai haƙƙin wanda aka ɓata ma suna yana nan, sai ka gyara maganar a gaban waɗanda ka faɗa mawa kuma ka nema masa gafara.

Wallahu a'alam.