Yoyon Mai Daga Murfin Bawul: Yadda Ake Sauya Gasket

Malam, ka ce baƙin mai yana tsatsowa ta gefen murfin saman injinka, wato murfin bawul, har kana jin ƙauri idan ya ɗiga a kan bututun hayaƙi. Galibi zafi ne ya busar da gasket ɗin, wato robar da ke tsakanin murfin da injin don tare mai, har ta tsage. Ka bari injin ya huce, ka cire wayoyin fulogi, ka kwance notunan murfin, sannan ka kankare ragowar tsohon gasket har ƙarfen ya yi tas, domin ɗan datti kaɗan yana iya dawo da yoyon. Bayan ka saka sabon gasket, wajen ɗaure notunan, ka fara daga tsakiya zuwa gefe sannu a hankali, saboda matsewa fiye da kima ita ce ke lanƙwasa murfin. Idan kuma ka ga mai a ramin fulogi, ka sauya zoben robarsa shi ma.