Amsa ga mai neman injin yankan ciyawa don fili mai gangara

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta cewa ka sayi gida mai gangara ta baya a jihar Maryland ta Amurka, kana tambayar abin da ya kamata ka duba a injin yankan ciyawa irin wanda ake turawa da hannu, sai na tuna da wahalar da na sha a shekarar da na tare a nawa gidan.

Kafin kuɗi da sunan kamfani, ka tambaya waɗanne tayoyi ne suke jan injin. Ni mai kanti ya sayar mini da wanda tayoyin gaba ke ja, bayan na nuna masa hoton filina a waya, ya kalla ya ce babu wani bambanci. Ranar Asabar da safe na fito, raɓa ba ta gama bushewa ba, buhun baya ya cika da ɗanyar ciyawa, nauyi ya koma baya, tayoyin gaba suka ɗage suna juyawa a banza, na zama ni ne jakin da ke tura shi sama. A tsakiyar hawan takalmina ya zame, na faɗi a kan gwiwa, injin ya gangaro kaina har ya daki ƙaurina. Abin da Allah Ya tsare ni da shi shi ne na saki ƙarfen nan da ake riƙewa tare da hannun injin, wuƙar ta tsaya. Tun 1982 doka a Amurka ta wajabta wuƙar ta tsaya cikin daƙiƙa 3 da sakinsa, saboda haka idan wani ya ba ka shawarar ɗaure shi da igiya don hannunka ya huta, kada ka saurare shi.

Na koma kantin ina ɗingishi, mutumin nan ya dubi idona ya ce ba a karɓar injin da aka riga aka zuba wa fetur, kuma wai bai tuna na nuna masa wani hoto ba. Asarar kuɗin ba ta ƙona mini rai kamar wannan musun ba, har yau idan na bi ta gaban kantin sai na ji abin ya dawo sabo.

Don haka ka nemi wanda tayoyin baya ke ja, kuma ka riƙa yanka a karkace, kada ka fuskanci tudun kai tsaye. Ka samu mai bin saurin tafiyarka, irin tsarin Personal Pace na kamfanin Toro, domin mai gudu ɗaya tak zai riƙa jan ka a wurin juyawa. Faɗin inci 21 ya ishi gida irin namu. Ka duba kuma ko da maɗauki ɗaya ake ɗaga tsayin yankan, domin za ka riƙa sauya shi, tunda ba a son a sare fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa a lokaci guda. Ni sai da na aske tawa ƙwal ta koma ruwan ƙasa kafin na koyi wannan.

Idan na fetur ka zaɓa, man da ake sayarwa a nan yawanci yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda idan ya kwana a tanki duk tsawon hunturu yake toshe kafireto, ka wayi gari kana jan igiya har kafaɗarka ta yi tsami. Ka bar shi ya ƙone mansa tas kafin ka ajiye. Na batir, irin na kamfanin EGO mai bolt 56, ya raba ka da wannan da canjin baƙin mai, sai dai hawan tudu da ciyawa mai kauri suna shanye caji da wuri. Masu ce maka Honda kuwa, kamfanin ya daina ƙera na fetur a Amurka tun 2023, in ka samu na hannu sai ka kifa shi a gefe ka duba tsatsa a ƙarƙashinsa kafin ka biya.