Kai yaro, zauna ka ji maganar siffar lofe

Ka tambaye ni wai siffar lofe tana canza yadda taba ke shawuwa, ko kuwa son rai ne kawai ya sa wani ke neman mai lanƙwasa, wani kuma miƙaƙƙe. Da wata rana ce da na kore ka ka je ka kwaɓa yumɓu, don wanda ya daɗe a wannan rumfa kamar kai, hannunsa ya kamata ya ba shi amsa. Amma ka taɓo mini wani miki da har yau bai warke ba. Ajiye wayar nan ka saurara.

Ba zan tsaya koya maka tankaɗe ƙasa ko shanya a inuwa ba, wannan ko jikana ya sani. Abin da ke raba lofe da lofe yana ciki, inda idon mai saye ba ya kaiwa. Tukunyar lofe, wato kan da ake cusa taba, in mai faɗin baki ce, wuta tana cin taba da yawa a lokaci ɗaya, hayaƙi ya fito da kauri, kuma ta ƙare da wuri. Mai zurfi da ƙunci kuwa a hankali take ci, ɗanɗanon yana ƙara ƙarfi yayin da wutar ke gangarawa, don hayaƙin sama yana ratsa tabar ƙasa kafin ya iso baki. Shi ya sa tsohon da zai zauna gindin bishiya daga la'asar zuwa magariba yake son mai zurfi, manomin da zai zuƙa kaɗan ya koma kan kunya yake son mai faɗi.

Sai hudar hayaƙi, wadda a kanta ake gane magini. Dole ta faɗo daidai gindin tukunya. In ta hau sama ko da kaurin ƙwayar dawa ne, tabar da ke ƙarƙashinta ba za ta ci wuta ba, sai ta jiƙe ta yi ɗaci, mai lofe ya riƙa zubar da ita yana zaginka. Faɗinta kuma milimita 3 zuwa 4 ya isa. In ta fi haka ƙunci mutum zai yi ta ja har kumatunsa su gaji, wutar ta yi zafi ta ƙona masa harshe. Doguwar sanda tana sanyaya hayaƙi kafin ya iso, amma duk hayaƙin da ya huce sai ya bar ruwa a hanya. A miƙaƙƙen lofe ka zura tsinke ka share, shi ke nan. A mai lanƙwasa ruwan a gwiwar yake taruwa, yana ƙugi duk zuƙa. Riƙe wannan maganar ta ruwa, don da ita aka cuce ni.

Lokacin ina da ƙarfina, wani dillalin kayan gargajiya, irin masu shimfiɗa kaya a ƙofar otal suna sayar wa Turawa, ya zo mini da hoton da ya yago daga mujalla. Lofen Turawa ne mai lanƙwasa sosai, babban kai, wuya ya sauko ya sake hawa. Ya ce irinsa yake so da yawa, amma na yumɓu, kuma in yi jikin da sirara don kada ya yi nauyi a jakar matafiyi. Ni kuwa na san irin wannan lofen ciki da bai, don na sha gyara wa Turawa da Kwarori nasu a Kano. Na ce masa, Alhaji, wancan da saiwar wani ɗan ice ake sassaƙa shi, wanda ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum kamar Italiya da Girka da Aljeriya. Tun wajen shekarun 1850 mutanen garin Saint-Claude a Faransa suke aikinsa, kuma icen yana jure wuta, ba ya saurin miƙa zafi zuwa hannu. Yumɓu kuwa in ka sirantar da shi, kafin a sha rabi ba mai iya riƙe kan. Na ƙara masa da cewa ko su Turawan sun san matsalar ruwa a lanƙwasa, shi ya sa kamfanin Peterson na birnin Dublin yake haƙa ɗan rami a cikin wuyan lofensa don ruwan ya gangara can. Na ce ya bari in rage lanƙwasar, in ƙara kauri, in yi masa abin da zai shawu.

Ya ce shi ba shawara ya zo saye ba, hoton nan yake so. A gaban maƙwabcina ya faɗa, Allah ya ji ƙansa, da yana raye da ya ba ka shaida. Ya ajiye ɗan kafin alƙalami da ko kuɗin itace bai kai ba, ya ce sauran sai ranar ɗauka.

Na ture duk aikin mutanena na ƙauye, waɗanda ba su taɓa cin kwabona ba. Lokacin hunturu ne, iska na tsaga yumɓu kafin ka juya, sai da na riƙa lulluɓe su da jiƙaƙƙen tsumma ina dubawa cikin dare. Huda lanƙwasasshen wuya ba wasa ba ne. Kara mai laushi nake sakawa in gina a kansa, in ya sha iska in zare shi a hankali, in hura in ji ko iska ta wuce. Wanda ya toshe in farfasa in sake. Na ci bashin itace, na ci bashin goran sanduna. Da na kwashe su daga wuta, wallahi ko ni sai da na tsaya ina kallo, ja wur, in ka ƙwanƙwasa da farce ka ji ƙara tas.

Ranar ɗauka sai ga shi da mutum biyu. Ya zaro taba daga aljihu, na ga tana ɗanye-ɗanye, har tana manne masa a yatsa. Yayyafa mata ruwa ya yi tun daga gida. Ya danna ta da babban yatsa har ta toshe, ya kunna, ya yi ta zuƙa da sauri kamar mai hura zugazugi. Mene ne zai faru? Kan ya yi zafi, wuyan ya fara ƙugi. Sai ya yar da shi ƙasa ya fashe, ya ɗaga murya yana cewa na yi masa aikin banza, a zo a gani. Abin da na gargaɗe shi a kai da bakina, shi ya juya ya mai da laifina. Mutane suka taru ana ba ni haƙuri. Ƙarshe ya ce don mutunci zai kwashe kayan ya gwada kasuwa, in sun shiga ya kawo kuɗi. Masu itace na jirana a ƙofa, na bar shi ya ɗauka.

Ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Bayan sallar layya na shiga birni sayen kaya, sai ga lofunana a shimfiɗe a wani shago, an shafe su da baƙin man takalmi da toka, an ɗaura musu tsohon zare, ana gaya wa baƙi wai kayan kakanni ne da aka tono. Na ɗaga ɗaya na ga tambarin farcena a ƙarƙashin wuya, inda nake sa shi kullum. Kuɗin da suke kira wa guda ɗaya ya fi abin da ya ajiye mini gaba ɗaya. Ashe tun farko ba don sha ya sa a yi su ba, don a ajiye a yi ado da su ne, ya san zafi da ƙugi ba za su dame shi ba. Akuyar uwar gidana na sayar na biya bashin itacen nan. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, mu haɗu gaban Allah.

To, batun son rai da ka ce, akwai shi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai aiki da hannu biyu, kamar baduku ko masaƙi, yana son mai ɗan lanƙwasa don yana rataya a haƙori ba nauyi, hayaƙi kuma ba ya shiga masa ido. Wanda haƙoransa suka zube, gajere mara nauyi. Akwai masu cewa yumɓu ya fi komai fito da ainihin ɗanɗanon taba, kuma ina tare da su, ko da an kawo mini na farin dutsen nan mara nauyi da ake haƙowa a Eskishehir ta Turkiyya. Amma kada in ji ka gaya wa mai saye wai doguwar sanda tana tace cuta. Ƙarya ce. Sanyin hayaƙi daɗin baki ne kawai, likitoci sun tabbatar lofe yana kawo kansar leɓe da harshe da maƙogwaro, kuma na binne abokai da tarin nan. In na kama ka kana sha, ranar za ka bar rumfar nan.

Ku yaran yanzu ba ku san darajar aikin ba. Tun da aka buɗe masana'antar sigari a Zariya a 1959 kasuwarmu take ja da baya, yanzu kuma sa'anninka sun koma shisha, suna zaune a ɗaki suna busa hayaƙi mai ƙamshin alewa. Kai kuma so kake ka ga hoto a waya da safe, ka kwaikwaya kafin azahar, ka sa a Facebook. Hoto ba ya nuna maka inda huda ta faɗo.

Daga yau duk wanda ya zo da odar lofe, ka tambaye shi irin tabarsa, busasshiya ce ko mai laima, a zaune yake sha ko a bakin aiki, sannan ka zaɓa masa siffa. In ya nace kan siffar da ka san ba za ta shawu ba, ka kira shaidu biyu, ka karɓi rabin kuɗi a hannu, kuma ranar gwaji da tabarmu za a gwada, ni zan cusa ta da yatsana.